Eriyar Gidan Famfo

Malama za ta fito a talabijin! Tela, ka ji ni da kyau, a talabijin, duk ranar Alhamis ƙarfe biyar da rabi na yamma!

Af, ka ga na manta da gaisuwa. Da malaminmu na makarantar yamma yana raye da ya ja min kunne. Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da mai ɗakinka da yara, da fatan ɗinki yana tafiya. Mu a nan gidan famfo lafiya lau, sai godiya.

Direban da ke kawo mana man inji shi ya zo da takardarta jiya. Ta ce an ɗauke ta ta riƙa faɗin yanayi, wato ko za a yi ruwa ko za a yi rana. Sau uku na karanta wa Innarka. Ta ce yarinyar da ba ta gane hadari sai ya jiƙa mata shanya, ita ce za ta gaya wa duniya ranar ruwa? Tana faɗa tana share ido. Ka san tun rasuwar yayarka ita ta goye yarinyar nan. Ni kuma yarinyar ce ta riƙe min hannu ina koyon baƙi, ina da furfura tana aji uku, shi ya sa har gobe Malama nake ce mata.

Ga abin da nake so. Tsohuwar talabijin ɗin nan ta shagonka, wadda ka mayar wurin ɗora yadi, ka ba Direba ya taho min da ita. Wuta muna da ita daga ƙarfe huɗu zuwa shida, lokacin da nake tayar da inji ya tura ruwa gari. Ka ga ikon Allah, lokacinta ya faɗo a ciki daidai. Eriya kuwa Direba ya ce zai samo min.

Idon Innarka yana nan yadda ka bar shi. Ta ce gefe-gefe ya yi duhu, kamar mai leƙe ta cikin bututu, amma tsakiya tana gani. To fuskar mutum ɗaya ai tsakiya ta ishe ta. Shekara biyu rabonta da yarinyar, aiki ya kai ta nesa. Ni dai burina ta gan ta.

Ka huta lafiya.
Mahaifinka

*

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da kyau, kai da Inna. Iyali duk suna gaisuwa.

Ga talabijin nan, na sa an duba ta, tana aiki. Na naɗe ta da bargo saboda hanyarku.

Amma Baba, a yi haƙuri da abin da zan faɗa. Na tambayi mai gyaran, ya ce gidan da duwatsu suka kewaye kamar naku da wuya ya kama tasha. Tashar su Malama ƙarama ce, ba ta kan tauraron ɗan Adam balle a ce a sa faifan kama tasha. Mu nan ko a waya za mu iya kallonta, ku kuwa ko sabis na gaisuwa babu. Da akwai ai da ba mu zauna muna rubuta takarda kamar mutanen da ba.

Abin da ya fi shi ne Inna ta biyo Direba ta zo nan. Ta ga jikarta a falo cikin sauƙi, mu kuma kai ta wurin likitan ido. Wancan zuwan ya ce jijiyar idon ce ke lalacewa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a tsare abin da ya saura. Ya ce ta dawo bayan wata uku. Yau wata takwas.

A gaishe ta. A ce mata mai ɗakina ta gyara mata ɗaki.

Ɗanka, Tela

*

Zuwa ga Malamata,

Assalamu alaikum, tare da gaisuwa mai yawa daga ɗalibinki mai taurin kai. Ki duba rubutun nan da kyau, in kin ga kuskure ki sa jan biro kamar da.

Kawunki ya ce a tura masa tsohuwa gari. Na gaya mata, ta ce in ta tafi wa zai tuna min in ci abinci? Ta ce ta ga likita ta ga magani, sai ta ga ke tukuna.

To bari ki ji wahalar da kika ba mu. Na fara ɗaura eriyar a kan rufi. Babu komai sai tsaki-tsaki fari da baƙi yana rawa, da ƙara shuuu kamar ruwa a kan kwano. Na haɗa tsofaffin bututun famfo guda uku na ƙara mata tsawo. Shuuu. Alhamis biyu suka wuce haka, muna zaune gaban akwati kamar masu jiran mota. Sai Direba ya kawo min doguwar waya, ya nuna min inda garinku yake da hannu, ya ce can zan fuskantar da ita. Na kai bututun kan dutsen bayan gida, taki saba'in da huɗu na ƙirga, na soke shi tsakanin duwatsu.

Sai dai wanda ke kan dutse ba ya ganin akwatin, wanda ke ɗaki ba ya taɓa eriyar. Kira kuma ba ya yi, ga ƙarar inji, ga kunnena da injin ya cinye rabinsa. Kakarki ce ta kawo dabara. Ta ɗauko farantin ƙarfe da cokali. Bugu ɗaya, in juya hagu. Bugu biyu, in juya dama. In ta yi ta bugawa ba tsayawa, to na samu, in tsaya cak.

Alhamis da ta wuce ina sama ina juyawa, kwam, na yi hagu, kwam kwam, na dawo kaɗan. Sai na ji faranti ya rikice kamar za ta fasa shi. Malama, na tsaya cak. Na rungume bututun nan da hannu biyu, ko ƙuda ban kora ba, har ta daina. Da na sauko na same ta tana kuka tana dariya. Ta ce kin ce za a yi ruwa ranar Asabar. Ta ce kin yi ƙiba kaɗan, kuma koren mayafin nan da ta ba ki ranar da za ki tafi shi kika yafa. Ta ce ya yi miki kyau har ya fi a jikinta.

Ni ban gan ki ba tukuna. Iskar da ke tasowa daga madatsar ruwa tana juya bututun, na gwada ɗaure shi da igiya na sauko, kafin in kai ƙofa ya koma shuuu. Ba komai. Ita ta gani, ni in riƙe. Ko ruwa za a yi ko rana ba sai na tambaye ki ba, ina da ido. Ita ce ba ta da lokaci.

Ruwan Asabar kuma bai zo ba sai Lahadi. Ki gyara.

Ɗalibinki, Kaka

*

Kakana,

Wa alaikumus salam. Na karanta takardarka a ofis har abokan aikina suka tambaye ni me ya sa ni kuka. Kuskure ɗaya kawai na samu, ka manta ƙugiyar ɗ a wuri biyu. Tara bisa goma. Ruwan Asabar kuma ba ni nake riƙe da shi ba, faɗa kawai nake yi.

Amma dutsen nan ya tsaya min a rai. Taki saba'in da huɗu da wannan gwiwar taka? Don Allah ka riƙa bi a hankali.

Ka ce wa tsohuwa mayafinta yana nan wurina, da shi nake zuwa aiki, amma a ƙofar ɗakin ɗauka nake cire shi. An hana mu sa kore. Bangon da nake tsayawa gabansa kore ne, a kansa na'ura ke ɗora taswirar da kuke gani, in na sa kore sai taswirar ta hau jikina, a ga kai yana yawo ba gangar jiki. Ranar nan ruwan ɗorawa na sa. Ƙiba kuma ina na gan ta, sai ma ramewa. Ina jin launin akwatinku ne ya rikice, ka duba maɓallan gefe.

Ko kuwa, Kaka, kai ka taɓa zama kusa da ita lokacin da take kallo? Ina tambaya ne kawai.

Hutu sai na cika shekara za su ba ni. Ina ƙirga kwanaki. Ka riƙe min hannunta ka ce ni ce.

Malamarka

*

Tela,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku. Hannuna ba ya son rubutun nan, amma dole.

Ranar Alhamis Direba ya makara, ya iso ana gab da biyar. Na roƙe shi ya hau ya riƙe min bututun, yau dai in ga jikata da idona. Ban gaya wa Innarka ba, na so in ba ta mamaki. Ta buga masa faranti tana zaton ni ne, har ya samu wurin. Na shigo a hankali na tsaya bayanta.

Tela, babu hoto. Tsaki-tsakin nan ne kawai yana rawa. Murya ce ke fitowa can ƙasa-ƙasa, tana zuwa tana ɗaukewa. Innarka kuwa ba ma akwatin take fuskanta ba, ta karkata wajen taga, ta miƙa kunne, tana murmushi tana gyaɗa kai. Na zagayo gabanta. Na ɗaga hannu na wuce da shi ta gaban fuskarta sau biyu. Ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Na ce, ke, yaushe?

Ta firgita, cokalin ya faɗi. Ta ce wa ke riƙe da eriyar? Na ce ba shi na tambaye ki ba. Ta ci gaba da sauraro har yarinyar ta gama. Sannan ta ce tun kafin akwatin ya zo da kwana kaɗan ɗan hasken tsakiyar ya rufe. Ta san ɗakin nan taki-taki, ta san inda tukunya take, shi ya sa ban gane ba. Na ce me ya sa kika ɓoye min? Ta ce, da na faɗa da Tela ya ɗauke ni, to wa zai buga maka faranti? Ta ce kana saukowa daga dutsen nan kamar yaro an ba shi sabuwar riga, in ce maka me?

Shekara arba'in da shida muna tare, matata ta makance a gabana ina can sama ina rungume da ƙarfe. Na iya karanta takarda da tsufana, ina ta taƙama, fuskarta ce ban iya karantawa ba. Ka faɗa min tun farko. Ban ji ba.

Ga ta nan tare da Direba. Maganinta na hawan jini yana cikin baƙar jakar nan. Ba ta son a kama ta a hannu, sai dai ta dafa kafaɗa. Ta ƙi tafiya sai da faranti da cokalinta, ku bar mata. Ni na rubuta wa ofis su aiko wanda zai riƙe injin, ka san ba a barin shi ko kwana ɗaya, garinku duka daga nan yake sha.

Ka yafe min.
Mahaifinka

*

Baba,

Wa alaikumus salam. Inna ta iso lafiya. Ba ni da abin yafewa, ni ma da na zo da kaina tun tuni.

Mun kai ta. Likita ya haska idon, ya daɗe, sannan ya kira ni waje. Ya ce babu sauran abin tsarewa.

Ranar Alhamis mun zaunar da ita a falo, hoto tas, yara suna ta ihu ga Anti ga Anti. Mai ɗakina tana faɗa mata kayan da Malama ta sa. Ta saurara kaɗan sai ta ce a rage murya, ta yi ƙarfi da yawa, ba haka take jinta a gida ba. Malama ta kira ta a waya bayan nan, sun daɗe, amma tana ajiyewa ta ce yanzu tsoho yana saukowa daga dutse, ba wanda zai ce masa sannu.

Ba ta cin abinci sosai. A ɗakinmu tana karo da komai, jiya ta bugi gwiwa da keken ɗinki, tun daga nan ta daina tashi sai an tashe ta. Kullum da ƙarfe huɗu sai ta ce an tayar da inji.

Baba, ka zo. In ofis ba su aiko kowa ba ka je ka zauna musu a ƙofa. Direba ya ce min har yanzu kana hawan dutsen nan kullum. Don wa kuma?

Ɗanka, Tela

*

Tela,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, ina gaishe ta.

Ofis sun ce ƙarshen wata. Wancan watan ma haka suka ce. Wa zai yarda ya zauna inda daga shi sai ruwa da duwatsu? In je in zauna musu a ƙofa, injin fa?

Ka ce don wa. Ban san yadda zan faɗa maka ba. Ɗakin nan in ƙarfe huɗu ta yi ba ya zaunuwa. Kujerarta tana kallon taga yadda ta bar ta. Sai in hau, in juya bututun faɗin yatsa, in sa alama da fenti, in sauko in duba, in koma. Jiya sau goma sha ɗaya. Shuuu. Wani lokaci ina sama sai in ji kamar faranti, in tsaya cak, ashe bel ɗin inji ne ke bugawa.

Ta yi min ƙarya don in yi murna. Ina so ranar da za ta dawo ƙaryar ta zama gaskiya, in zauna kusa da ita in faɗa mata abin da ke ciki. A gidanka ba za ta iya ba, ka gani da kanka. Nan ta san kowane taki.

Ka ce mata ina cin abinci. Ka ce mata ita ma ta ci.

Mahaifinka

*

Baba,

Assalamu alaikum. Na roƙi Direba ya zo yau ko da ba ranarsa ba ce. Yana tare da wani daga ofis da zai riƙe injin, na je da kaina na taho da shi. Ka biyo su.

Baba, sai haƙuri. Inna ta faɗi ranar Laraba, jinin ya hau, muka kai ta asibiti. Bakinta ya riƙe, ba ta ƙara magana ba. Jiya Alhamis da yamma akwai talabijin a ɗakin da aka kwantar da su, da Malama ta fito na ƙara murya. Sai ta fara laluben gefen gado. Mai ɗakina ta gane, ta miƙa mata cokalin. Ta yi ta buga ƙarfen gadon ba tsayawa har ma'aikaciya ta zo ta ce ana damun marasa lafiya. Ban san me take so ba, na ba ta ruwa ta kawar da kai.

Allah Ya karɓi abinSa yau da safe. Malama tana hanya. Za mu jira ka iya yadda za a iya.

Ɗanka, Tela

*

Na gan ta! Tela, na ga Malama da idona, tas, har ɗan tabon nan na goshinta!

Assalamu alaikum. Wannan takarda taka ce, ta Malama ce, ta kowa ce, ka karanta wa Innarka da ƙarfi.

Shekaranjiya Laraba iska ta taso ta juya eriyar gaba ɗaya, ta ba wa garin su Malama baya, ta kalli babban dutsen da ke ƙetaren ruwa. Na shigo ina shirin hawa in mayar, sai ga mutum a cikin akwati yana magana, da hancinsa da bakinsa. Ashe abin a jikin dutsen can yake bugawa ya dawo. Wata huɗu ina nemansa a gaba yana bayana. Na kwaɓa sauran simintin gyaran daɓen inji na kafe bututun. Yanzu ba sai an riƙe ba.

Jiya Alhamis na zauna a ƙasa kusa da kujerarta. Ku gaya mata shuɗi yarinyar ta sa, mai ɗan fari a wuya. Ta rame, gaskiyarta. Tana ɗaga gira ɗaya in za ta ce ruwa, sak yayarka. Ina kallo ina faɗa wa kujerar da ƙarfi, don in saba.

Na share ɗakin, ban matsar da komai daga wurinsa ba, tukunya tana inda ta sani. Ta dawo da farantinta mu ci abinci a ciki, aikinsa ya ƙare.

Ga ƙarar motar Direba nan tana hawowa, yau Juma'a, ba ranarsa ba. Ka ga sa'a, takardar za ta iso ku da wuri. Bari in rufe kafin ya tsaya.

Ku zo ranar Alhamis mai zuwa, kai da mai ɗakinka da yara, ku sa Innarku a gaba kada hanya ta jijjiga ta. Malama ma in ta samu hutu ta zo ta ga inda muke ganinta. Ku iso kafin biyar da rabi. Ku zo duka ku gani.

Mahaifinka